Allurar da Na Yi wa Autanmu



Idan kina da ɗa namiji da ya haura shekara goma, na san akwai wani takalmi mai ƙusoshi a bayan ƙyaurenki, na kuma san kin gaji da wanke gajeren wando mai jar ƙasa. Wataƙila ma yanzu da kike riƙe da wayar nan yana fili, kin aike shi niƙa ya ajiye robar a gindin raga. Saboda ke na rubuta wannan. Labarin ƙanena ne, autanmu, wanda ya yi sana'ar ƙwallo ta wata 14 kacal, ya dawo gida da sanduna biyu yana ɗan shekara 21. A cikin abin da ya same shi akwai hannuna, kuma sai da na shekara biyu kafin na iya faɗa wa mahaifiyarmu.

Mu 'yan Diggi ne, a ƙaramar hukumar Kalgo, ƙasar Gwandu. Babanmu ya rasu Auta yana ɗan shekara tara. Da turara shinkafa Inna ta riƙe mu, da ita ta biya mini kuɗin makarantar koyon aikin jinya har na zama nas. Burinta a kan Auta ɗaya ne: ya gama sakandare ya bi sawuna, ko ya zama malami. Shi kuwa tun yana tafiya ba wando yake shurin duk abin da ya gani a ƙasa. Lemun tsami, ƙullin tsumma, gwangwanin madara, ba wanda ya tsira. A filin firamare ya fara, ba takalmi, kuma ko ni da ban san komai a harkar ba na ga bambancinsa da sauran yara. In ya ɗauki ƙwallo ta gefen dama sai ka ga manya sun bar hira sun miƙe tsaye.

Inna ta yi iya yinta. Ta ɓoye takalmi a cikin buhun ƙaiƙayi, ta hana shi tuwon dare, ta kai ƙararsa wurin Kawu. Ni ce mai kare shi. Da albashina na saya masa takalmin ƙwallo na gaske na farko, na ce wa Inna zamani ya canza, ƙwallo ma sana'a ce.

A watan Yunin 2018 Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya a Rasha. A cikin tawagar akwai Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, wanda ya bi ta Kano Pillars kamar yadda Ahmed Musa ya bi. Yaranmu sun ga masu jin Hausa a talabijin, duniya na kiran sunansu. Bayan hutun wannan shekara Auta bai koma makaranta ba. Yana aji biyu na babbar sakandare, saura shekara ɗaya ya zana jarrabawar fita. Ya ce mini, "Yaya, makaranta ba ta gudu, amma ƙafa tana da lokaci." Na ji maganar ta yi ma'ana. Ban hana shi ba.

Ya koma Birnin Kebbi wurina, yana buga wa wani ƙaramin kulob da ba ya biyan ko sisi sai kuɗin ruwan leda. Shekara biyu yana haka, har cutar korona ta zo ta rufe filaye. Cikin wannan shekara ta 2020 ne Zaidu Sanusi, ɗan Jega, ya sa hannu a kulob ɗin Porto na ƙasar Fotugal, aka kuma kira shi Super Eagles. Jega fa, nan kusa da mu, inda 'yan garinmu ke zuwa cin kasuwa. Yaron da ya fara a Jega United. Daga ranar babu sauran mai iya ce wa ɗan Kebbi ƙwallo mafarki ce. Hoton Zaidu ne a fuskar wayar Auta, shi ne kuma a bangon ɗakinsa.

A farkon 2021 wani dillalin 'yan wasa ya kai shi wani kulob na rukuni na biyu a wata jiha. Ranar da zai tafi Inna ta yi masa dambu ta ƙulle a leda, ta dafa kansa ta yi addu'a, ba ta ce komai a kan makaranta ba. Da ya karɓi albashin farko ya aiko mata da atamfa turmi biyu da buhun sukari. Ta sa aka ɗinka ɗaya, ɗayan ta adana a ƙasan akwati. Har yau yana nan.

Ki lura da abubuwa uku da ban tambaya ba a lokacin, ni da nake ganin na yi boko. Ban tambayi takardar da ya sa wa hannu ba. Ashe ko kwafinta ba a ba shi ba. Ban tambaya ko an duba lafiyarsa kafin a ɗauke shi ba. Ashe ko awon jini ba a yi masa ba. Ban kuma tambayi wanda zai biya in ya ji ciwo ba. A cikin wata 14 ɗin nan sau shida albashi ya shiga hannunsa. Sauran sai "ana nan ana ƙoƙari". Su takwas suke kwana a ɗaki ɗaya, su yi tafiyar kwana guda a bas su sauka su shiga fili. Duk bai faɗa mana ba sai daga baya. In ya kira waya cewa yake komai lafiya, koci na yabonsa.

A farkon 2022, wurin atisaye, ya kafa ƙafar dama zai juya sai ya ji ƙas a gwiwa. Ba wanda ya taɓa shi. Kafin dare gwiwa ta yi suntum. Aka ɗaura masa ƙanƙara, aka yi hoton ƙashi aka ce ba karaya, aka ba shi kuɗin mota aka ce ya je gida ya huta. A Diggi aka kai shi wurin mai ɗori, ya ja, ya shafa, ya ɗaure, ya ce targaɗe ne. Bayan mako huɗu kumburi ya sace, Auta ya fara zagaya fili da asuba.

Bari in yi miki bayani yadda nake yi wa masu jinya. Can cikin tsakiyar gwiwa akwai wasu jijiyoyi biyu masu ƙarfi da suka gitta juna, su ne ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri kada su zame wa juna. Ta gaban, wadda likitoci ke kira ACL, ita ce ta fi tsinkewa ga 'yan ƙwallo, kuma sau da yawa ba duka ke tsinka ta ba, juyi ne. Alamarta ita ce wannan ƙara da yaro zai ji, da kumburin da ke tasowa cikin 'yan sa'o'i saboda jinin da ya taru a ciki. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta, don ita ba ƙashi ba ce. Sai hoton MRI, ko hannun likitan ƙashi da ya san yadda ake gwada ta. Abin da ke yaudarar mutane shi ne bayan 'yan makonni ciwo ya lafa, yaro ya miƙe yana tafiya, har da gudu in dai a miƙe ne. Sai a ce ya warke. Amma da ya zo juyawa gwiwar za ta zame, kuma duk zamewa tana iya cin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan. Shi kuwa in ya lalace ba ya komawa yadda yake. Ba raina masu ɗori nake yi ba, mun ga karayar da suka gyara. Amma abin da ya tsinke a can ciki, ja da shafa ba sa haɗa shi.

Duk wannan na sani. Na karanta, na ci jarrabawa a kai, na ga irinsa a asibiti.

Wata ranar Alhamis cikin watan Maris, bayan isha'i, sai ga Auta a ƙofar gidana da jakarsa. Dillalin nan ya kira shi: wani kulob na firimiya zai gwada 'yan wasa ranar Asabar, an sa sunansa. Fuskarsa kamar an yi masa bushara da kujerar Makka. Na ce ya naɗe wando in gani. Gwiwar ta ɗan tasa, da ɗumi, saboda gudun da ya matsa wa kansa a makon. Na sa hannu na ja ƙwaurin, na ji ya biyo ni fiye da yadda ya kamata. Gabana ya faɗi.

Na ce, "Auta, ƙafar nan ba ta wasa ba ce. Ka bari mu ga likitan ƙashi tukuna."

Ya durƙusa a gabana, ƙaton saurayi, ya riƙe gefen zanena. "Yaya, don girman Allah. Wagga dama in ta wuce ba ta dawowa. Minti arba'in da biyar kawai za su ba ni. In sun ɗauke ni, su da kansu za su yi man magani. Ke kin san halin da Inna take ciki. Allura guda, Yaya."

Na ce a'a sau uku. Maigidana ya leƙo ya ce, "Ki taimaka masa mana, ba aikinki ba ne?" Shi ma da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na kwana ina juyi. Da asuba, kafin ya tafi tasha, na fasa kwalbar diclofenac na yi masa, na ƙulla masa ƙwayoyin da zai sha ranar wasan, na naɗe gwiwar da bandeji. Na ce wa kaina ai maganin ciwo ne kawai, kullum muna ba mutane. Na san ƙarya nake yi wa kaina. Ciwo ɗan aike ne, shi ke ce wa jiki tsaya. Ni kuma na kama ɗan aiken na toshe masa baki.

Ranar Asabar da la'asar wata baƙuwar lamba ta kira ni. Wani yaro ne cikin waɗanda aka gwada tare. Ya ce minti ashirin da wani abu Auta ya yi, ya yanke mutum biyu, har mutane sun fara tafi, ya zo yanke na uku ƙafar ta lanƙwashe. A bayan a-kori-kura aka fitar da shi. Kulob ɗin da ya je gwaji suka ce ba ɗan wasansu ba ne. Nasa kulob ɗin suka ce ba da izininsu ya je ba. Dillali ya ɗaga waya sau biyu, a na uku ta daina shiga. Yaran da suka je gwajin ne suka yi karo-karo suka sa shi a mota.

Da muka samu aka yi hoton MRI, likitan ya daɗe yana kallo. Ya ce jijiyar, bisa ga alama, tun ciwon farko ta tafi. Wasan na biyu shi ya yaga guringuntsin. Ya ɗago ya tambaya, "Wa ya bar shi ya shiga fili da wannan ƙafa?" Ina tsaye da farin kayana na aiki. Auta ya yi wuf ya ce, "Ni na kai kaina, likita."

Ba zan manta ranar 7 ga Mayun 2022 ba, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Salla. Na je Diggi duba shi. Yana kwance a tabarma a tsakar gida, ƙafa a kan matashi. Bayan magariba sai muka ji gari ya ɗauki ihu, 'yan acaɓa na ta danna oda. Zaidu ne ya ci Benfica a mintunan ƙarshe, ƙwallon da ta ba Porto kofin ƙasar Fotugal na shekarar. Bidiyon ya bazu a wayoyi, yara na gudu gida-gida suna nunawa. Wani ɗan maƙwabta ya shigo da gudu ya miƙa wa Auta waya. Ya kalla har sau uku, ya yi murmushi, ya ce, "Namu ne." Sannan ya juya fuskarsa bango. Inna ta tashi ta shige ɗaki.

Wata 11 muka yi muna tara kuɗin tiyata. Inna ta sayar da santa na kiwo, aka jinginar da gonar fadama da Baba ya bari, na ci bashi a wurin aiki. A Kano aka yi aikin, aka ɗebi jijiya daga wani sashe na ƙafarsa aka dasa a madadin wadda ta tsinke. Likitoci sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Bayan tiyata irin wannan ana buƙatar gashi da motsa ƙafa a hannun ƙwararru na wata tara ko fiye kafin a yi maganar komawa fili. Mu daga Diggi, kuɗin motar zuwa gashi sau biyu a mako ma aiki ne. Ya samu ya yar da sanduna, yana tafiya, yana noma. Amma ƙwallo irin ta sana'a, likita ya gaya masa gaskiya, ta ƙare.

A watan Fabrairun 2024, bayan dawowarsa daga gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa, shi ma Zaidu wannan jijiya ta tsinke masa a gwiwa. Ciwo iri ɗaya, 'yan jiha ɗaya. Shi aka yi masa tiyata ba ɓata lokaci, kulob ɗinsa ya tsaya masa, ya yi jinyarsa ya koma fili. Ba hassada nake yi ba, Allah ya ƙara masa lafiya da ɗaukaka. Abin da nake so ki gani shi ne jijiyar ɗan Jega ba ta fi ta ɗan Diggi ƙwari ba. Abin da ya raba su shi ne ɗaya yana da takarda da likita a bayansa, ɗayan kuma yana da yaya mai allura.

Kada kuma ki ɗauka wanda ya yi suna ya tsira. A 2009 Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, har an buga wasu wasannin a Kano da Kaduna da Bauchi. Neymar, wanda ɗanki ke sanye da rigarsa, ya buga wannan gasa. Amma wanda aka zaɓa gwarzon gasar ɗan Najeriya ne, Sani Emmanuel. Ya tafi Lazio ta ƙasar Italiya, raunuka suka sa shi gaba, kafin ya kai shekara 25 an daina jin ɗuriyarsa a fili. Tambayi ɗanki ko ya san sunan. Yaranmu suna ganin wanda ya haye ne kawai, don shi ake nunawa a gidan kallo. Waɗanda ruwa ya ci ba a haska su.

To me nake so ki yi? Ba cewa nake ki ƙona takalmi ba. Inna ta gwada, bai yi ba. Yaron da aka hana a gida zai tafi a ɓoye, ya faɗa hannun wanda ba ya tsoron Allah. Ƙwallo kuma tana da alherinta: tana raba yaro da zaman banza, tana gina jiki, wasu ta fitar da gidajensu daga talauci. Abin da nake roƙonki shi ne ki shiga cikin maganar tun da wuri, ki yi tambayoyin da ban yi ba.

Ki tsaya a kan takardar sakandare. Wannan kada ki sassauta, ko zai yi fushi, ko yayarsa za ta zo ta ce miki zamani ya canza. Ɗan ƙwallon da ya yi sa'a ma, yawanci yana ɗan shekara talatin da 'yan kai yake ajiye takalmi, ga sauran rayuwa a gaba. Wanda bai yi sa'a ba, irin namu, a 21. Ki kuma kula da masu ce masa ya rage shekaru. In aka canza masa ranar haihuwa, an raba shi da takardunsa na makaranta ke nan, ranar da zai neme su sai ya tarar ba su dace da shi ba.

Duk takardar da za a ba shi ya sa hannu, a kawo gida. A samu wanda ya iya karatu ya karanta a gaban babansa ko kawunsa, a ga nawa ne albashi, shekara nawa ne, kuma in ya ji ciwo wa zai ɗauki jinya. A riƙe kwafi. Kulob ɗin da ya ƙi ba da kwafi ya riga ya gaya miki halinsa. Wanda kuma ya zo ya ce a sayar da gona a ba shi kuɗin biza zai kai yaro Turai, ki sani dokar FIFA ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don buga ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Kulob na gaske shi ke kashe kuɗi a kan ɗan wasan da yake so.

A duba lafiyarsa kafin ya fara, musamman zuciya. A 1996, bayan Najeriya ta ci zinare a gasar Olamfik, gwajin da aka yi wa Nwankwo Kanu a Inter Milan ne ya gano matsala a zuciyarsa. Aka yi masa tiyata a Amurka, ya dawo ya yi shekaru yana wasa. A ranar 8 ga Maris 2020 kuwa, Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi a fili a Lafiya, ana wasa da Katsina United, bai tashi ba. Idan ɗanki ya taɓa suma a wurin gudu, ko yana kukan ciwon ƙirji, ko akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya a dangi, kada ya sake shiga fili sai likita ya gan shi.

Sai maganar da ta fi ci mini rai. Gwiwar da ta yi ƙara ta kumbura a rana ɗaya, ko wadda ke zamewa, ta likitan ƙashi ce, ko da hoto ya ce ba karaya. Kada ki yarda a kashe ciwo don a shiga wasa. Ki riƙa leƙa jakarsa. In kin ga ƙwayoyin ciwo sun zama abincinsa, ki tsaya a kai. Diclofenac da 'yan'uwansa in an daɗe ana sha suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, balle ga mai gudu cikin rana yana zubar da gumi. Tramadol kuwa kama mutum take yi, kuma tun farkon 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa.

In kuma abin ya riga ya faru, ɗanki ya dawo gida, to jinyar zuciya ta fi ta ƙafa tsawo. Auta ya yi wata da watanni ba ya fita. Abokan da ke cika mana zaure suka ɗauke ƙafa. Waɗanda ke kiransa da sunan Zaidu suka koma kiransa mai sanda, da wasa wai. Ya daina cin abinci sosai, ya daina aski, dare ya zama ranarsa. Wata rana Inna ta tsinci fankon tramadol a ƙarƙashin katifarsa, ta kira ni tana kuka. Ba duka muka yi ba, ba gori. Kawu ya riƙa zuwa kullum da hantsi yana ɗaukarsa a babur zuwa fadama, wai ya tsare masa injin ban-ruwa. Na kai shi ya ga likita. A hankali ya dawo. Yaron da ya rasa abin da ya gina ransa a kai yana cikin makoki ne, ko da ba a yi mutuwa ba. Kada ki ce masa "ai na faɗa maka". Ya sani.

Ni kuwa ina ɗauke da nawa kayan. Duk ranar da na fasa kwalbar allura a wurin aiki sai na tuna. Bayan shekara biyu, wata rana muna tsince shinkafa da Inna, na ce, "Inna, akwai abin da ban gaya miki ba." Na faɗa mata duka. Ta daɗe ba ta ɗago ba, hannunta na cikin faifai. Sannan ta ce, "Ke kina ganin ban san ƙafar ba ta warke ba? Ni da nike jin shi shina nishi da dare. Da zai tafi na ga yadda shike taka ta. Na so in ce ya zauna, sai na tuna bashin da ke kaina, na yi shiru. Ke kin yi allura, ni na yi shiru. Allah Ya yafe muna baki ɗaya."

Da na nemi gafarar Auta dariya ya yi. Ya ce, "Yaya, da kin hana ni, kemis zan tafi." Wataƙila gaskiya ne. Amma da na hana, da na kira Kawu a daren, da na ɓoye jakar kamar yadda Inna ke ɓoye takalmi, da ya yi fushi da ni na wata ɗaya ko shekara ɗaya, da guringuntsinsa na nan. Na yarda da ƙaddara, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Sai dai yarda da ƙaddara ba ta hana mutum sanin inda ya yi sake, don kada na bayansa ya maimaita.

Yanzu Auta yana noman rani, mun fanso gonar Baba. Ya zauna ya zana jarrabawar NECO ta masu zaman kansu, ya samu abin da ya samu, yana maganar neman kwalejin ilimi. In sanyi ya shigo gwiwar tana damunsa, in ya daɗe a tsugune sai ya dafa ya tashi. Da la'asar yakan je filin firamaren nan da usur a wuya, yara kusan talatin na biye da shi. Dokarsa biyu ce: wanda bai je makaranta ranar ba ba zai taɓa ƙwallo ba, wanda kuma ya ce wani wuri na masa ciwo zai zauna a benci ko uban waye. Iyaye mata har gida suke zuwa yi wa Inna godiya.

Watan jiya ɗana na fari, mai shekara takwas, ya ce in saya masa takalmi mai ƙusoshi. Na ce sai na ga sakamakon jarrabawa. Ya kawo, ya yi na huɗu. Na saya masa. Na kai shi wurin kawunsa da kaina, na tsaya a bakin fili har aka tashi, ina kallon gwiwoyinsa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare musu lafiyarsu, ya ba mu ƙarfin zuciyar ce musu a'a a ranar da a'a ce soyayya. Wadda ta ga irin wannan a gidanta, ta ba mu labari, wata uwar za ta ƙaru.